Tuta ta Goma Sha Huɗu

Mutumin da ya ce zai tarye ni a tashar jirgin ƙasa bai zo ba. Na zauna a kan jakata tun hantsi har bayan azahar ina kiran lambarsa, wata mata tana amsa mini da harshen da ban san ko kalma ɗaya a cikinsa ba. Sai daga baya na gane cewa take yi wayar a kashe take. A arewacin Italiya ne wannan, a wani gari da duwatsu suka yi wa ƙawanya, farkon watan Satumba.

Sunana Tasi'u, daga Ba'awa ta ƙasar Ƙiru. Noma na tashi na tarar ana yi a gidanmu, masara da dawa da damina, tumatir da albasa da rani, kuma ban taɓa jin kunyarsa ba. Wanda ya shirya mini tafiyar wani ne Nafi'u, ɗan Kwanar Dangora da ya daɗe a Turai, mai daɗin baki kamar me. Ya ce aikin shekara biyu ne a gonar tuffa, kuma shi da kansa zai karɓe ni ya kai ni har wurin. Saboda wannan magana Baba ya yarda aka kai shanun huɗarmu biyu kasuwa. Har yau da nake wannan rubutu ban sake sa Nafi'u a idona ba, kuma na yafe masa rabi.

Abin da ya cece ni shi ne takardar aikin da aka ba ni, domin akwai adireshin gonar a jikinta. Na nuna wa wata mai sayar da tikiti, ta fito daga bayan gilashinta ta kama hannun rigata har bakin wata bas, ta yi wa direba bayani. Da la'asar sakaliya direban ya sauke ni a gefen hanya, ya nuna mini wani gida a kan tudu. Na hau da jakata a ka kamar yadda muka saba, motocin da ke wucewa suna rage gudu suna kallona.

Mai gonar wata tsohuwa ce, Hilda, doguwa mai farin gashi, wadda ba ta ɓata dariyarta a banza. Ta sa tabarau ta karanta takardata, ta ɗaga yatsu uku. Da ɗan Turancin da na kwaso daga sakandare a Tudun Wada na ce mata ai shekara biyu aka ce mini. Ta girgiza kai, ta ɗora yatsa a kan wurin: wata uku, iyakar lokacin tsinkar tuffa, daga nan sai in koma inda na fito. Na tuna shanun nan, na tuna Baba a tsaye a ƙofar gida yana bin su da kallo. Hilda ta turo mini kujera, ta tambaye ni ko Musulmi ne ni. Da na ce e, sai ta ɗauko wata sabuwar tukunya ta ajiye gefe, ta ce daga yau wannan ce tawa, naman alade ba zai taɓa shiga cikinta ba.

Tsinkar tuffa ba aiki ba ne ga wanda ya yi huɗa a Ba'awa. Abin da ya dame ni shiru. Mutanen nan gaisuwarsu kalma ɗaya ce, a jefo maka ita a wuce. Safiyar farko na durƙusa na gaida Hilda yadda zan gaida kowace dattijuwa, na tambaye ta kwana da gajiya da iyali. Ta ruga ciki ta ɗauko mini maganin ciwon ciki. Wata biyu na yi babu wanda ya ce mini ya gida, ya yara, sai dai ta waya. Ranar Juma'a abin ya fi tsanani, domin masallaci mafi kusa sai an yi tafiyar awa biyu a mota, ga aiki. Akwai ranar da na ji ƙanshin gasasshiyar masara daga wani gida, na tsaya a bakin hanya ina share hawaye, kamar ba magidanci mai 'ya'ya uku ba.

Ana saura mako uku takardata ta ƙare sai ɗan Hilda ya dawo gida. Sunansa Konrad, shekararsa talatin da tara, furfura ta fara fito masa a gemu. Na tambaye shi sana'arsa, ya kai ni ɗakin ajiya ya nuna mini wani dogon allo siriri mai bakin ƙarfe, tsawonsa ya kai kaina. Ya ce ƙafafunsa biyu yake ɗaurewa a kai, ya gangaro daga kan dutse bisa ƙanƙara yana tsere da wani. Ina ta jiran ya faɗi sana'ar, sai na ga ya gama magana. Ashe ita ke nan. Ya ce ya zaga duniya da wannan allo, ƙasarsa yake wakilta. A raina na ce ikon Allah, mu a garinmu in yaro ya wuce shekara goma yana sululu a kan tudun yashi, uwarsa wurin malam za ta kai shi a yi masa addu'a.

Amma Konrad ɗin ne ya zauna ya saurari labarina tun daga farko har ƙarshe, kuma shi ne mutum na farko a ƙasar da ya yi haka. Washegari ya sa ni a mota muka hau dutse har inda ake wasan, ya kai ni wurin Albat, shugaban ma'aikatan da ke gyara filin. Albat gajere ne mai jar fuska, maganarsa a ƙirge take. Hannuwana ya duba, ba fuskata ba. Ya ce zai ɗauke ni aikin lokacin sanyi, a ƙara mini takarda zuwa ƙarshen Maris. In na yi aiki mai kyau, a ƙarshen Maris ɗin zai sa hannu a mayar da ita ta dogon zama. In ba haka ba, sai jirgi. Tun daga ranar da sa hannun Albat nake kwana, da shi nake tashi.

Sanyin nan ba zan tsaya bayaninsa ba, wanda bai shiga ba ba zai gane ba. Hilda ta ba ni rigar sanyin mijinta marigayi. Konrad ya ba ni takalminsa da wasu ƙusoshi da ake ɗaurawa a ƙasansa, domin kafin nan na faɗi ya fi a ƙirga, sau ɗaya ma a zaune na sauko rabin dutsen ma'aikata suna tafa mini. Aikinmu shi ne kafa raga a gefen fili don ta tare wanda ya kauce, da huda ramin sandunan tuta, da cike kwarin da allunan ke yankawa da shebur. A rumfar kayan aiki nake salla, tsakanin shebura da nannaɗaɗɗiyar raga. Wani daga cikin ma'aikatan ya ga ina alwala da ruwan sanyi, tun daga ranar kullum sai in tarar an bar mini ruwan zafi a fulas, kuma har yau ban san ko wane ne ba.

A hankali na gane wasan. Layi biyu ake kafawa gefe da gefe daga saman dutse zuwa ƙasa, ɗaya da jajayen tutoci, ɗaya da shuɗɗa. Mutum biyu ake saki lokaci guda, kowa a layinsa, yana zagaya tutocinsa dama da hagu a karkace har hannunsa yana shafar ƙanƙara, da gudun da ya kai na mota a titin Zariya. Wanda ya riga isa ƙasa bai tsallake tuta ba shi ya ci, ɗayan kuwa ya tattara kayansa. Duka abin ba ya kai minti ɗaya. Da safe ake tace su a fitar da goma sha shida, daga nan a riƙa haɗa su biyu-biyu har a rage mutum guda. Ranar da na fara ganinsu a kusa, iskar wucewarsu ta buge ni a ƙirji, na janye maganar sululu.

Tunda tsere ne na mutum biyu, dole layukan su zama daidai, kada na wani ya fi na wani tauri. Ta nan Allah ya kawo rabona. Cikin watan Fabrairu rana ta buɗe kwana uku a jere, ƙanƙarar ta yi laushi, ga 'yan wasa sun zo gwaji. In haka ta faru gishiri ake watsawa, shi ke sa ta sake yin tauri. Na tsaya ina kallon yadda abokan aikina ke jefa shi, nan tuli, can babu, raina yana ɓaci, domin da a gonar Baba wani ya watsa taki haka da ya ji a jikinsa. Na ce wa Albat ya ba ni bokiti. Na ɗaure shi a ƙugu, taku ɗaya watsi ɗaya, na sauko jan layi, na koma sama na sauko shuɗin. Albat ya biyo bayana yana dukan ƙanƙarar da diddige, nan da can. Da ya iso ƙasa ya ce, "Daga yau gishiri naka ne." Ranar na kira Baba na gaya masa abin da watsa taki ya yi mini a Turai, ya yi dariya har da tari.

Doka ɗaya Albat yake maimaita mana: in an saki 'yan tsere, kada kowa ya taka cikin layi, ko mene ne ya faru. Na ji ta, na kuma gane ta, ko in ce na ɗauka na gane. A tunanina don kare mu aka yi ta, kada allon nan mai kaifi ya sare wa mutum ƙafa. Ban tambaya ba ko akwai wani dalili, shi ma bai ga abin da zai sa ya faɗa ba, tunda a wurinsu abu ne da kowa ya tashi da saninsa.

Babban tseren a tsakiyar Maris aka yi shi, Asabar da Lahadi, kowace rana da nata tseren daban. 'Yan wasa suka zo daga ƙasashe da yawa, ga motocin talabijin, ga jama'a maƙil a gindin dutse suna kaɗa irin ƙararrawar da suke rataya wa shanunsu. Konrad ya riga ya sanar cewa daga wannan zai daina. Shekara kusan ashirin yana abin nan, ya ci a ƙasashen mutane, amma bai taɓa shiga ukun farko a dutsen garinsu ba. Hilda, wadda ba ta zuwa kallo saboda tsoro, ranar ta sa rigarta ta zuwa coci ta zo.

Aka ajiye ni a tuta ta goma sha huɗu, gefen jan layi, inda gangaren ke ƙarewa fili ya ɗan kwanta. Ga shebur a hannuna, ga oba-oba a ƙirji, wato rediyon da muke magana da juna. Konrad ya tsallake tacewar safe, ya kayar da mutumin farko, suka rage takwas. A zagaye na gaba aka haɗa shi da wani matashi wanda Konrad ɗin ya girme wa da shekara goma sha biyar, Konrad a ja, shi a shuɗi. Na hango su sun taho kai da kai. Wajen tuta ta goma abokin tseren ya zame ya faɗi can gefe, dole sai ya tashi ya yi ta tsalle da allon kafin ya koma layinsa. Jama'a suka ɗauki ihu. Konrad shi kaɗai a fili, ba abin da ya rage masa sai ya isa.

Ya zagaye tuta ta goma sha huɗu lafiya, sai allon ya kufce masa. Ya faɗi a kan ƙugu, ya taho yana juyi, ya tsaya rigingine taku biyu daga inda nake.

Ba zan ce na yi tunani ba, domin ban yi ba. Mutumin da na ci abincin gidansu wata shida, wanda takalminsa ne a ƙafata, ya faɗi a gabana. Na ji shebur ya bugi ƙasa, na ga hannuwana a ƙarƙashin hammatarsa, bakina yana cewa, "Sannu! Sannu, Konrad, sannu!" Ya daka mini tsawa da harshensu, na ɗauka zafin faɗuwa ne. Na cicciɓe shi na tsayar, na juya shi ya fuskanci gangare, na kuma tura shi da duk ƙarfina yadda ake tura motar da ta ƙi tashi. Ya tafi. Ya isa ƙasa ɗayan yana baya da tuta uku.

Na koma wurina ina haki, na ɗauki shebur, raina fes. Na san na taka doka, amma a ganina kaina na sa a haɗari, kuma ga shi ba abin da ya same ni. Har na fara tsara yadda zan ba Baba labari. Minti biyu na yi cikin wannan daɗi. Sai na ji ƙararrawar ta yi tsit, lasifika tana magana, daga nan aka ɗauki fito, irin wanda suke yi in ransu ya ɓaci. Oba-oba ta yi ƙara, muryar Albat ce, kuma bai ɗaga ta ba. Ya ce alƙalai sun fitar da Konrad, domin duk ɗan tseren da hannun wani ya taimaka masa cire shi ake yi, ko da bai nema ba. Ya ce in tsaya inda nake har a gama. Awa guda na yi a wurin, kuma daga nan ina hango babban allon talabijin da ke ƙasa, ana ta maimaita hoton wani baƙin mutum cikin rigar ma'aikata yana tura Konrad.

Da yamma na so kada in shiga gidan, amma ba ni da wani wurin zuwa. Hilda ta zuba mini abinci kamar kullum, sai dai ba ta dube ni ba. Konrad yana zaune da ƙullin ƙanƙara a ƙugu. Na durƙusa a gabansa na ce ya yafe mini.

"Sakan biyu," in ji shi. "Sakan biyu kawai nake buƙata in tashi da kaina. Na faɗi sau dubu, Tasi'u. Tashi ma yana cikin aikina."

Na ce ban sani ba.

"Na san ba ka sani ba. Na kuma san abin da ya sa ka yi. Shi ya sa abin ya fi ciwo, ko haushinka na kasa ji yadda nake so." Ya miƙe da ƙyar ya shige ɗakinsa.

Bayan magariba na kira Baba. Na same shi a ƙofar gida, ina jin muryoyin 'yan hira a bayansa. Na gaishe shi, ya tambayi sanyi da aiki da mutanen gidan, sannan na kwashe komai na gaya masa.

"Tsaya, tsaya," in ji Baba. "Faɗuwa ya yi a gabanka?"

"E, Baba."

"Ka ɗaga shi?"

"Na ɗaga shi."

"To ina laifin? Ni fa har yanzu ban ji laifin ba."

Na yi ƙoƙarin yi masa bayanin dokar da alƙalan, da cewa mai yiwuwa takardata ta tafi ke nan.

"Kai, rabu da su! Mutum ya faɗi, ɗan gidan da suke ba ka tuwo, ka tsaya ka zuba masa ido kamar gunki? Wallahi da haka ka yi, ni ka tozarta. In takardar ce su riƙe abarsu. Ka taho gida, da garmar hannu ma a yi huɗa. Da can da me muka yi?"

Tun ban kashe wayar ba na ji ya juya yana ba mutanen wurin labari, ana ta madalla. Ni kuwa na san bayan Baba, na san shekara biyar rabon da ya iya sunkuyawa a kan garma.

Lahadi da safe na hau dutse da rigar aikin a hannu don in miƙa ta. Albat ya ce in sa. Ya ce alƙalai sun nemi kada a sake ganina a filin, shi kuma ya ce musu yau rana za ta yi zafi kuma ba shi da wani mai watsa gishiri. Sun yarda, amma laifina na gaba a wuyansa yake.

"Tuta ta goma sha huɗu," ya ce. "Wurin jiya. Hannuwanka a baya. In wani ya faɗi, ka danna oba-oba, ka faɗi lambar tuta da launin layi. Aikinka ke nan."

"In ya ji ciwo fa?"

"Akwai masu wannan aikin. Ko jini ka gani, kada ka motsa. In ƙafarka ta motsa, gobe ba sai ka zo ba. In ba ta motsa ba, ka zo da takardarka."

Na watsa gishiri, ja da shuɗi, ban taɓa yin wanda ya kai na ranar kyau ba. Konrad ya fito tacewar safe da ƙugu a kumbure, ya wuce ta gabana sau biyu, bai shiga goma sha shida ba. Tserensa na ƙarshe ke nan. Wato damar da yake da ita ta jiya ce, kuma ni na karɓe ta da hannuwana biyu.

Na tsaya ina addu'ar kada kowa ya faɗi. Zagaye na farko ya wuce lafiya, na biyu ma haka, suka rage huɗu. Sai wani dogon ɗan tsere, wanda ko sunansa ban sani ba, ya shigo ta goma sha huɗu da gudun da ya fi ƙarfinsa. Bakin allon ya cije a ƙanƙara, ya wurga shi sama, ya dawo ta ka da kafaɗa. Na ji ƙarar abin da ya karye. Ya taho yana jan ƙasa har jikin raga, daidai ƙafafuna, kusa fiye da inda Konrad ya tsaya.

Gilashin da ke kare masa ido ya fice, jini yana fita ta hanci yana ɗiga a kan ƙanƙara. Hannunsa ɗaya ya lanƙwashe ta inda hannu ba ya lanƙwashewa. Idonsa biyu. Ya dube ni, ya miƙo mini ɗaya hannun, yana faɗin wata kalma yana maimaitawa. Na danna oba-oba na ce, "Goma sha huɗu, ja." Na mayar da hannuwana baya, na kama wuyan na hagu da na dama na matse. Nasa yana nan a miƙe, tsakanina da shi bai fi kamu biyu ba. Ko sannu ban ce masa ba, domin na san in bakina ya buɗe ƙafata za ta bi. Ya gaji ya sauke hannun, amma bai daina kallona ba.

Masu agaji suka sauko da gadon da suke ja a kan ƙanƙara, suka ɗaure masa wuya, suka tafi da shi. An ce mini ba su kai minti ɗaya ba. Aka ba da umarni a gyara wuri, na sa shebur na kwashe ƙanƙarar da ta yi ja, na zuba sabuwa na daddaɓe, aka saki biyu na gaba.

Ranar Litinin Albat ya sa hannu a ofishinsa, a tsaye, ko zama bai yi ba. Ya ce jiya na yi daidai, kuma da na ɗaga mutumin nan alhali wuyansa ya taɓu, da wataƙila ba zai sake tafiya da ƙafarsa ba. Gaskiya ya faɗa, na kuma yarda da ita har zuciyata. Amma ni na san ba don wuyan mutumin na tsaya ba, ban ma san da wannan ba sai da Albat ya faɗa. Don takardar na tsaya.

Sai da aka yi wata guda kafin Konrad ya sake yi mini doguwar magana. Yanzu shi ke horar da masu tasowa a dutsen, muna gaisawa, wani lokaci mu sha shayi tare, amma maganar Asabar ba mu taɓa tayar da ita ba. Sanyi huɗu ke nan na yi a wurin. In aka kawo sabon ma'aikaci, ni Albat ke sawa in koya masa dokar, kuma da dalilinta gaba ɗaya nake koya masa.

Bara da damina na je gida hutu. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Baba ya riƙe hannuna a cikin mutane, ga wasu baƙi daga Ɗansoshiya da suka zo suna, ya shiga ba su labarin da kowa a Ba'awa ya riga ya haddace: yadda Bature ya faɗi a kan ƙanƙara duniya tana kallo a talabijin, 'yan uwansa Turawa suka tsaya kamar an dasa su, ɗansa kaɗai ya sunkuya ya ɗaga shi, bai damu da takarda ba.

"Haka muka raine shi," in ji Baba. "Duk inda ya je, ba zai ga mutum a ƙasa ya tsaya kallo ba."

Dattawa suka yi ta sa mini albarka, wani tsoho har ya dafa kaina. Na sunkuyar da kai ina cewa amin. Labarin Lahadi ban ba shi ba, kuma ba na jin zan ba shi.